Ɗan Zariya a Kan Ƙanƙara: Kakar Wasan 1998–1999

A ƙasar Kurfai, idan an gama girbin hatsi aka buga ganga a dandalin kokowa, sunan wanda ya yi kaye ne ke saura a bakin makaɗa. Wanda ya shiga fili, ya yi gumi, ya fita ba takobi, da wuya a sake ambatonsa. Haka al'amarin yake har a ƙasashen sanyi, inda ake wasa a kan daskararren ruwa. Tarihin wata kakar wasa a Amurka ta Arewa ya isa misali.

A shekarar 1975, wadda a cikinta aka buɗe gasar kokowa ta ƙasar Nijar a birnin Tawa, aka haifi Rumun Ndur a Zariya. Yana ƙarami iyayensa suka koma lardin Ontariyo na Kanada, inda yara ke tashi da hokin ƙanƙara kamar yadda ƴan Filinge ke tashi da kokowa. Wasa ne na mutum shida-shida a kowane ɓangare, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe, suna korar wani ɗan faifan roba da sanduna zuwa raga, cikin zubi uku na minti 20. A 1994 ƙungiyar Buffalo Sabres ta zaɓe shi. Ma'anar sunan nata kuwa ita ce takubba. Da ya fara buga mata wasa a kakar 1996–1997, ya zama haifaffen Nijeriya na farko da ya taka ƙanƙarar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada. Kafin shi, Willie O'Ree ne ya buɗe wa baƙar fata wannan ƙofa a 1958, a ƙungiyar Boston.

Kakar 1998–1999 ta ƙunshi ƙungiyoyi 27, kowace da wasa 82 kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Ndur mai tsaron baya ne, aikinsa tare hanya da ƙarfin ƙirji da kare abokan wasa idan rigima ta tashi, ba jefa ƙwallo ba. Ya fara kakar a Buffalo, amma wasa 8 kawai aka ba shi. A watan Disamba na 1998 ƙungiyar ta sa sunansa cikin waɗanda kowa ke iya ɗauka, sai New York Rangers ta ɗauke shi. A can ya buga wasa 31, ya kuma ci ƙwallonsa ta farko a gasar.

Wannan sauyin sheƙa ya ajiye shi tsakanin manyan al'amura biyu na shekarar. A New York ya tarar da Wayne Gretzky, gwarzon da ya ci ƙwallo 894 ya tara maki 2,857 a rayuwarsa ta wasa, yana cikin kakarsa ta ƙarshe. Ranar 18 ga Afrilu 1999 Gretzky ya yi bankwana a filin Madison Square Garden, a wasan da Pittsburgh ta cinye da ci 2 da 1. Rangers ba ta kai zagaye na gaba ba. Buffalo kuwa, wadda Ndur ya baro, ta yi ta haurawa bisa ƙwazon mai tsaron ragarta Dominik Hašek, ɗan ƙasar Cek, har zuwa karon ƙarshe na Kofin Stanley. A wasa na shida, cikin ƙarin lokaci na uku, Brett Hull na Dallas ya ci ƙwallon da ta raba gardama, alhali ƙafarsa na cikin da'irar mai tsaron raga. Alƙalai suka amince da ita, mutanen Buffalo suka ce an zalunce su, aka kuma sauya dokar bayan kakar.

Don haka idan aka tuna shekarar, Gretzky da ƙafar Hull ake tunawa. Ɗan Zariya bai ɗaga kofi ba, bai kafa tarihin ƙwallaye ba. Ya ƙara kaka ɗaya a Atlanta, ya kammala zamansa a NHL da wasa 69 da ƙwallo 2, sannan ya ci gaba a ƙananan gasa da kuma Ingila. Amma dalilin da ya sa ake iya ba da labarinsa dalla-dalla shi ne masu gasar suna rubuta sunan duk wanda ya shiga fili, da ranar, da mintunan da ya yi a benci na horo, ko da sau ɗaya ya buga.

A nan darasin yake ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Sunayen sarakunan kokowa irin su Kantu na Maraɗi ba za su ɓace ba, domin takobi da waƙa sun riƙe su. Waɗanda ke cikin haɗari su ne ƴan kokowar ƙauyukan Kurfai da suka wakilci yankinsu suka faɗi a zagayen farko, da makaɗansu, da dattawan da suka yi alƙalanci. Suna nan cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi, tsofaffin kuma suna tafiya. Littafin rubutu ɗaya a kowace makaranta, da ɗalibin da za a aika wurin kakansa da alƙalami, sun isa a fara.