Manhajojin da Suka Hana Tsoffin Gem Mutuwa

A ranar 5 ga Fabrairun 1997 wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya fitar da wata manhaja da ya raɗa wa suna MAME. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta yi shigar burtu, ta koma injin gem irin wanda ake jefa wa tsaba a gidajen wasa kafin ya tashi. Da Pac-Man da danginsa ya fara. Da yake ya bar lambobin manhajar a buɗe, sai masu sha'awa daga ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙara nasu, har ta kai ga dubban injuna. Irin waɗannan manhajoji su ake kira emuleta, kuma a shekarar nan ta 1997 aka samu NESticle da ZSNES, masu kwaikwayon na'urorin Nintendo.

Kamfanoni ba su yi maraba da abin ba. A 1999 kamfanin Connectix ya fitar da Virtual Game Station, wadda ke buɗe faifan PlayStation a kwamfutar Mac, nan take Sony ya maka shi a kotu. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya, ta ce binciken yadda na'ura ke aiki don a kwaikwaye ta bai saɓa wa doka ba. Sai Sony ya saye manhajar ya binne ta. Bleem! kuwa, wata emuletar PlayStation wadda ita ma Sony ya kai ƙara, kuɗin lauyoyi ne suka durƙusar da ita a 2001. Masu sayarwa suka watse, fagen ya koma hannun 'yan sa-kai da ke aiki kyauta.

A hannunsu ne aikin ya zama na adana tarihi, kuma bsnes, emuletar Super Nintendo da aka fara a 2004, ita ce shaida. Emuletocin farko sauri suka sa a gaba saboda kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, don haka suna tsallake ƙananan abubuwa. A wasan Air Strike Patrol akwai inuwar jirgi a ƙasa, da ita mai wasa ke auna inda bam zai faɗa. Na'urar Super Nintendo tana zana inuwar ne ta hanyar rage hasken allo a tsakiyar layi guda, abin da emuleta mai gaggawa ba ta lura da shi, sai inuwar ta ɓace, saitin ya gagara. A wasan Speedy Gonzales ma akwai matakin da gem ɗin ke sandarewa gaba ɗaya idan kwaikwayon bai cika ba. Don a gyara irin wannan, har narkar da murfin ƙananan sassan lantarkin cikin kaset aka yi, aka karanto abin da ke ciki. Mai ganin wannan wahala ta yi yawa ya tuna cewa kaset na lalacewa, faifai na karcewa, kuma masana'antar da ta ƙera su ta daina. Wani bincike na Video Game History Foundation a 2023 ya gano kashi 87 cikin ɗari na tsoffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a sayar da su a lokacin.

Shi kansa Sony ya ci moriyar aikin. A 2018 ya fitar da PlayStation Classic mai wasanni 20. Da aka duba cikinta, PCSX ReARMed aka tarar, emuletar 'yan sa-kai.

Rigimar dai ba ta ƙare ba, domin halaccin emuleta daban, kwafar wasan wani ba izini daban. A 2024 masu Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch alhali na'urar na kasuwa, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su rufe. Wasu kuwa suna nan. Dolphin, mai buɗe wasannin GameCube da Wii, ta buɗe lambobinta tun 2008, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ta, Henrik Rydgård ɗan Suwidin, shi ya ƙirƙiro PPSSPP, mai kwaikwayon PSP, a 2012. Da ita ce samari a Kano da Kaduna ke buga ƙwallon PES a wayar Android, da yawansu ba su taɓa riƙe na'urar PSP a hannu ba.