Ɗaukar jagora a ƙasar waje: daga madugan Gummi zuwa yau

Jagora shi ne ɗan gari wanda baƙo yake biya domin ya nuna masa hanya, ya yi masa tafinta, ya kuma kare shi daga sharrin abin da bai sani ba.

A ƙasashe da dama a yanzu sana'a ce mai lasisi da doka. A ƙasar Hausa kuwa ta daɗe tun kafin a san fasfo da biza, shi ya sa ma ake cewa da ɗan gari akan ci gari.

Batun ya fi shafar wanda ya fita shi kaɗai, kamar ɗan kasuwar da ya nufi Guangzhou ko Dubai, ko mai neman magani a Alƙahira ko Indiya, ko mai Umra da ba ya cikin ayari. Wanda ya tafi cikin jama'a, shugabannin tafiya ne suke zaɓa masa jagora. Wanda ya tafi shi kaɗai shi ne zai zaɓa, idan kuma ya yi zaɓen tumun dare, da wuya ya sami inda zai kai kuka.

Madugu da jagaba

A ƙarni na 19 garin Gummi, wanda ke kwarin gulbin Zamfara, yana daga cikin muhimman garuruwan fataucin goro.

Nan ne cibiyar Kambarin Barebari, fatake masu asali daga Barno, waɗanda su da Agalawa da Tokarawa suka riƙe cinikin goro tsakanin Daular Usmaniyya da Gwanja.

Ayari yakan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, har ya sauka Salaga a arewacin Ghana ta yau. Zuwa da komowa yakan ci watanni, wani lokacin ma shekara guda.

Madugu shi ne shugaban ayari, amma jagaba ne yake gaba. Shi ya san inda ruwa yake, da mashigin da jaki zai iya ƙetarewa, da dajin da ba a kwana cikinsa. Uban dawaki kuma shi ke kula da kuɗin da ake tarawa a biya sarakunan kan hanya. Kalmar jagaba dai ta wanzu har yau a sarautu irin su Jagaban Borgu.

Idan an isa zango, sai wani jagoran ya karɓa, wato mai gida ko fatoma. Shi ke saukar da falke, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa idan cinikin bashi ne. Ladansa la'ada ce daga cinikin.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne suna. Mai gidan da ya ci amanar baƙo a Salaga, kafin wata kaka labarinsa ya kai Gummi da Kano, kuma babu ayarin da zai sake sauka a ƙofarsa. Falken da ba shi da ayari ma ba ya kama hanya shi kaɗai, jira yake a zango har madugu ya karɓe shi.

Turawan da suka ratsa Zamfara

Turawa 'yan bincike ma da wannan tsari suka dogara. Lokacin da Hugh Clapperton ya nufi Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya aika da mahaya suka tarye shi.

A 1853 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo ayarin Galadiman Sakkwato daga Katsina ta Zurmi. Duk da haka sai da suka ɓace a dajin Gundumi, suka yi tafiyar kimanin sa'o'i 26 babu zango.

Akwai kuma lokacin da reshe ya juye da mujiya. Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, wanda ya yi wa Eduard Flegel jagora zuwa Adamawa, ya bi shi zuwa Balin a 1884, inda shi ma ya zama baƙon da sai an nuna masa hanya.

A wannan zamani baƙin da suka shiga yammacin Zamfara ba yawon buɗe ido ya kai su ba. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Tungar Daji da Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Likitocin ƙungiyar MSF da masu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba su iya shiga gidaje ba sai da tafintoci da yardar dagatai da magidanta. Bayan haka ta'asar 'yan bindiga ta sa ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka suka gargaɗi 'yan ƙasarsu da su guji jihar baki ɗaya.

Muɗawwifi

Ga yawancin mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, jagoran ƙasar waje na farko da suke gamuwa da shi yana ƙasa mai tsarki ne.

Muɗawwifi shi ne mutumin Makka da ke karɓar alhazai, ya sama musu masauki, ya yi musu jagorar ɗawafi da sa'ayi, ya tanadi tantinsu a Mina da Arfa. Sana'ar gado ce, kuma kowane gida yana da al'ummar da ya ƙware a harshenta da al'adunta. A Madina ana kiran takwaransa dalili.

A shekarun 1980 gwamnatin Saudiyya ta tattara muɗawwifai cikin mu'assasa guda shida bisa yankunan duniya. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta ƙasashen Afirka waɗanda ba na Larabawa ba, inda Nijeriya take. Daga bisani an mayar da su kamfanoni. A ɓangaren Nijeriya kuma, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ita ke ƙulla yarjejeniya da su, ita ce kuma ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi.

A gefen wannan tsari akwai wata kasuwa da ba ta kan takarda. Hausawa mazauna Makka da Madina suna tura tsofaffi a keke, suna kai mutane ziyara Uhudu da Ƙuba da Jabalin Nur, suna raka su kasuwa. Da yawansu masu gaskiya ne, kuma jin Hausa a bakinsu kaɗai yana kwantar da hankalin baƙo. Sai dai jin harshe ɗaya ba shaidar amana ba ne. Shekara da shekaru hukumomi suna jan kunnen alhazai a kan miƙa kuɗin hadaya ga wanda ba su sani ba, alhali akwai shirin yanka da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara gudanarwa a 1983.

Mafi haɗari shi ne jagoran da ya yi alƙawarin shigar da mutum aikin Hajji ba tare da izini ba. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya sun ce mutane 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 ba su da takardar izini, saboda haka ba su da tanti ko mota. Masar ta soke lasisin kamfanoni 16 a kan lamarin.

Abin da doka ta ce a wasu ƙasashe

A Masar dokar 1983 ta keɓe aikin ga 'yan ƙasa masu lasisi da rajistar ƙungiyar jagorori. Turkiyya ta yi tata dokar a 2012, kuma ana buƙatar jagora ya rataya katinsa inda za a gani. A Maroko 'yan sandan yawon buɗe ido suna farautar jagororin bogi a tsofaffin unguwannin Fas da Marrakesh.

Akwai ma inda ɗaukar jagora ba zaɓi ba ne. Ba a hawa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya sai da jagora mai rajista, kuma a 2023 Nefal ta sanar da hana baƙo shiga yawancin hanyoyin tsaunukanta shi kaɗai.

Lasisi ba ya sa mutum ya zama na kirki, amma yana yin aikin da suna ya yi wa fatoma a da. Mai lasisi yana da abin da zai rasa, baƙo kuma yana da ofishin da zai kai ƙara.

Lada da la'ada

Jagora yana samun kuɗi ta hanya biyu, ladan da baƙo ya biya shi a fili, da la'adar da yake karɓa a bayan fage daga kanti ko otal ko asibitin da ya kai shi.

La'ada ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe. Bambancin shi ne, a zango kowa ya san adadinta, a nan kuwa a cikin farashi ake ɓoye ta. Jagoran da ya ce kyauta zai yi aiki, ko ya nemi abin da bai taka kara ya karya ba, galibi a kanti zai fanshe. Abin ya fi muni ga mara lafiya, domin tafintan da asibiti ke biya a kan kowane kai yana da dalilin kai mutum inda ya fi tsoka, ba inda ya fi dacewa da ciwonsa ba.

Saboda haka waɗanda suka saba da tafiya sukan yanke lada tun kafin a tashi, na yini ko na sa'a, su fayyace wanda zai biya mota da abinci da kuɗin shiga, kuma ba sa biya duka sai an gama. Sukan nemi jagora ta hannun hukumar yawon buɗe ido, ko ta bakin wanda ya taɓa aiki da shi, maimakon wanda ya tare su a ƙofar filin jirgi.

Fasfo kuwa ba ya barin hannun mai shi. Ana barin sunan jagoran da lambarsa a masauki da kuma wurin wani a gida, tare da lambar ofishin jakadancin Nijeriya mafi kusa, wanda shi ne yake ba da takardar komawa gida ta gaggawa idan fasfo ya salwanta.