Kuɗin tallafin karatu da haraji a Faransa: wane ɗalibin digiri na biyu ko na uku ake yafe wa?

A Faransa, ma'aikatar haraji ba ta damu da sunan da ɗalibi yake kiran kuɗin da yake karɓa kowane wata ba. Abu biyu take dubawa: ko an ba shi kuɗin ne a madadin wani aiki, da kuma ƙasar da kuɗin ya fito.

Tallafin da gwamnati ke bayarwa saboda ƙarancin hali, irin wanda ke bi ta hannun CROUS, ba a biyan haraji a kansa. Amma kuɗin da ake biyan mai bincike a ƙarƙashin kwantiragin da ake kira contrat doctoral, wanda aka kafa a 2009 kuma yake ɗaukar shekara uku, albashi ne a idon doka. Haka ma na tsarin CIFRE, inda kamfani ke ɗaukar ɗalibin aiki. Nan ne da yawa ke ruɗewa, don a baki duka "tallafi" ake ce musu. Mafi ƙarancin albashin contrat doctoral ya kai Yuro 2,200 a wata a 2025, kafin a cire kason inshora da fansho. Daga abin da ya rage ana zaftare kashi 10 cikin ɗari a matsayin kuɗin ɗawainiyar aiki, sannan Yuro 11,497 na farko a kuɗin shigar 2024 ba su da haraji. Abin da ya haura ne ake yanka wa kashi 11 cikin ɗari, kuma tun 2019 daga albashi ake cirewa kai tsaye.

Akwai rangwame ga ɗalibin da bai wuce shekara 25 ba a ranar 1 ga Janairu: aikin gefe da ya yi, har ninki uku na mafi ƙarancin albashin wata, ba a taɓa shi. Sai dai yawancin masu digiri na uku sun riga sun wuce wannan shekarun.

Wanda kuɗinsa ke zuwa daga gida kuwa, yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasarsa da Faransa ce garkuwarsa. Faransa ta ƙulla irinta da Kamaru a 1976, da Najeriya a 1990, da Gana a 1993, kuma yarjejeniyoyin sukan yafe kuɗin da ɗalibi ke samu daga wajen Faransa don ci da karatu. 'Yan Nijar sai sun yi hattara: a watan Disamban 2023 Nijar da Mali suka sanar da soke tasu yarjejeniyar, don haka dokar cikin gida ta Faransa ce ke aiki a kansu.

Ko da ɗalibi ba ya da ko sisin da zai biya, kuskure ne ya ƙi cika takardar bayyana kuɗin shiga da ake yi tsakanin Afrilu da Yuni. Ita ce ke sa a ba shi takardar shaidar haraji, wadda masu ba da gidan haya da ofisoshin tallafi ke yawan nema. Karo na farko akan cika ta a takarda mai lamba 2042, a kai ofishin haraji na unguwar da mutum yake zaune.