Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tarihin Jagoran Yaƙi

Rundunar da ba ta da jagora makauniya ce, komai yawan dawakinta. To, shin yaya mutum yake zama jagora?

A Zamfara ta dā, watau wajejen Anka da Gummi da Bukkuyum, daji ne makarantar jagora, farauta kuwa ita ce karatunsa. Tun yana yaro yake bin ubansa, har ya san sawu, ya san mashigan Gulbin Zamfara da na Gulbin Ka, rani da damina. Jarrabawarsa guda ce, ya kai mutane ya kuma komo da su.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake wa aikin kama. Cikin 1942 Ingila ta kafa wani rukunin sojan laima waɗanda akan fara jefawa, su sa alama inda sauran za su sauka. Su sai sun ƙware a taswira da rediyo kafin a yarda da su.

Amma taswira ba ta kori ɗan gari ba. Cikin 1944, bayan horo a dazuzzukan Indiya, an sauke bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, ta jirgin sama a bayan dagar Japanawa a Bama, cikin rundunar Chindit wadda Janar Wingate ya kafa. Idanun wannan runduna kuwa sojojin ƙasar ne, irin su Kachin da Karen, waɗanda suka tashi cikin kurmin.

Alhasali, horo yana ƙara wa jagora kayan aiki, amma sanin ƙasa sai wanda ya taka ta.