Kumburin dasashin haƙorin hankali

Kumburin dasashin haƙorin hankali, wanda likitoci ke kira perikoronaitis, ciwo ne da ke kama naman da ya kewaye kan haƙorin da bai gama fitowa ba. Ya fi samun turmin ƙarshe na muƙamuƙin ƙasa, wato haƙorin hankali, kuma ya fi yawa a tsakanin matasa, domin a shekarun samartaka ne wannan haƙori ke huda dasashi. An ƙera sunan likitancin ne daga kalmar Girkanci mai nufin "kewaye", da ta Latin mai nufin "kambi", watau kan haƙori, sai ɗafin da ake yi wa sunayen cututtukan kumburi. Galibi ciwon kan lafa cikin 'yan kwanaki idan an tsabtace wurin, amma yakan dawo muddin abin da ya jawo shi yana nan. Wani lokaci kuma yakan bazu zuwa wuya har ya zama barazana ga rai.

Haƙorin hankali

Baligi mai cikakkun haƙora yana da 32. Daga ciki akwai turame 12, uku a kowane ɓangare na sama da ƙasa. Na ukun, wanda ke can ƙuryar baki, shi ne haƙorin hankali, kuma shi ne autan haƙora: yakan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da ake ganin mutum ya mallaki hankalin kansa. Wasu mutane suna da huɗu, wasu ƙasa da haka, wasu kuma ba su da ko ɗaya.

Da yake shi ne na ƙarshe, sau da yawa yakan tarar sauran haƙora sun cinye wuri. Sai ya maƙale, ko dai ya jingina da turmin da ke gabansa, ko ya karkata baya, ko ya kwanta a cikin ƙashi, ko kuma ya tsaya sosai amma ya kasa fitowa duka. Haƙorin da ya binne gaba ɗaya a cikin ƙashi ba ya kawo wannan ciwo, haka ma wanda ya fito sarai. Matsalar tana ga wanda ya leƙo ya tsaya a rabin hanya.

Yadda ciwon ke samuwa

Idan haƙori ya fito rabi, wani ɗan leɓatun dasashi yakan rufe sashen kansa kamar murfi. Tsakanin wannan murfi da haƙorin akwai wani aljihu mai ɗumi da danshi wanda buroshi ko asuwaki ba sa kai wa gare shi da sauƙi. Guntattakin abinci, kamar zaren nama ko ɓarɓashin gyaɗa, sukan shige ciki su ruɓe, ƙwayoyin cuta na bakteriya su hayayyafa, musamman irin waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin. Daga nan naman ya kumbura.

Kumburin kansa yana ƙara dagula lamarin. Da zarar murfin ya tasa, turmin sama yakan riƙa cizon sa duk lokacin da aka rufe baki. Cizon na ƙara kumburi, kumburin na ƙara jawo cizo.

Akwai abubuwan da ke sa ciwon ya fi saurin tashi. Daga ciki akwai rashin tsabtace baki, shan taba, mura ko ciwon maƙogwaro, gajiya da damuwa, juna biyu, da cututtukan da ke raunana garkuwar jiki kamar ciwon suga da ba a kula da shi ba.

Alamomi

Ciwon iri biyu ne. Akwai mai tasowa farat ɗaya da zafi, akwai kuma mai daɗewa wanda ke lafawa yana dawowa.

Mai zafin yakan zo da zugi a ƙuryar baki, wanda kan harba zuwa kunne ko maƙogwaro. Dasashin yakan yi ja ya kumbura, tauna ta yi wuya, idan an danna wurin mugunya ta fito. Mutum yakan ji ɗanɗano marar daɗi da warin baki, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi, kunci ya kumbura. Idan kumburin ya taɓa tsokokin tauna, baki ba ya buɗuwa sosai.

Mai daɗewar kuwa ba shi da tsanani. Ɗan ciwo ne na kwana ɗaya ko biyu da warin baki, sai ya ɓace na makonni ko watanni. Saukinsa ne ke sa mutane su yi sakaci da shi, alhali a hankali abincin da ke taruwa a wurin yana iya ruɓar da haƙorin hankalin da turmin da ke maƙwabtaka da shi, ya kuma cinye ƙashin da ke riƙe da su.

Alamomin haɗari

A ƙarƙashin turamen ƙasa akwai sarari tsakanin tsokoki wanda mugunya za ta iya bi ta gangara ƙarƙashin harshe da wuya. Mafi munin wannan yanayi shi ne kumburin Ludwig, wanda aka sa wa sunan likitan Jamus Wilhelm Friedrich von Ludwig da ya yi bayaninsa a 1836. A cikinsa ƙasan baki yakan kumbura ya yi tauri, ya tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi. Cutar tana kuma iya shiga jini. Ana buƙatar kai marar lafiya asibiti nan take, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- wahalar numfashi ko sauyin murya
- kasa haɗiye abinci ko miyau
- kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura wajen ido
- baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu ba sa shiga
- zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari da kasala

Gano ciwon

Likitan haƙori yakan gane ciwon ta hanyar duba baki: zai ga haƙorin da ya fito rabi da kumburarren naman da ya rufe shi, ya duba ko haƙorin sama na cizon wurin, ya auna yadda baki ke buɗuwa da zafin jiki. Yakan ɗauki hoton eksire don ganin yadda haƙorin ya kwanta, da siffar saiwoyinsa, da kusancinsu da jijiyar da ke ratsa ƙashin muƙamuƙi. Hoton yana kuma taimakawa wajen bambance wannan ciwo da ruɓewar haƙori ko ƙurjin saiwa, waɗanda zafinsu ke kama da nasa.

Magani

Tushen magani shi ne tsabtace aljihun. Likita yakan sa sirinji ya wanke ƙarƙashin murfin da ruwan gishiri na asibiti ko maganin kurkure baki, ya fitar da abincin da ya maƙale, ya ba mugunya hanya idan ta taru. Idan turmin sama ne ke cizon wurin, akan ɗan goge tsininsa ko a cire shi.

A gida, ana kurkure baki da ruwan ɗumi da aka zuba wa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, sau da yawa a rana, musamman bayan cin abinci. Maganin kurkure baki na kuloheksidin yana rage ƙwayoyin cuta, sai dai yakan rina haƙora idan an daɗe ana amfani da shi. Farasitamol ko ibufurofen suna rage zafi. Masu gyambon ciki, da masu ciwon ƙoda, da mata masu juna biyu ba sa shan ibufurofen sai da izinin likita. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi kuskure ne, domin tana ƙona naman. Kanumfari yana iya ɗan kashe zafi na wani lokaci, amma ba ya fitar da abin da ke cikin aljihun.

Magungunan kashe bakteriya, irin su metronidazol da aka fi sani da Flagyl da kuma amoksisilin, ba kowane mai wannan ciwo ne ke buƙatar su ba. Likita yakan rubuta su ne idan akwai zazzaɓi, ko kumburi ya bazu, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko garkuwar jikin marar lafiya ta yi rauni. Sayen su a kemis duk lokacin da ciwon ya motsa yana kwantar da shi ne kawai, aljihun na nan yadda yake, ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Mai shan metronidazol ba ya haɗa shi da barasa.

Tiyata

Bayan kumburi ya sauka, sai a duba makomar haƙorin. Idan yana tsaye daidai kuma akwai wurin da zai ƙarasa fitowa, ana iya barin sa a ci gaba da lura, ko a yanke murfin dasashin, ko da yake naman kan sake tsirowa a wasu mutane. Idan kuwa haƙorin ya maƙale, cire shi ne ke kawo ƙarshen ciwon.

Ba kowane haƙorin hankali ake cirewa ba. A shekarar 2000 hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idar da ta ce kada a cire haƙorin hankalin da ya maƙale matuƙar ba shi da wata cuta. Ƙa'idar ta ce tashin farko na wannan kumburi bai isa dalilin tiyata ba sai in ya yi tsanani, amma tashi na biyu ko fiye ya isa. A Amurka kuwa an fi yawan cire waɗannan haƙora tun da wuri don rigakafi, kuma masana ba su gama daidaita ra'ayi a kan hakan ba.

Yawanci ana cire haƙorin ne da allurar kashe zafi a wurin, mutum yana farke. Kumburi da ciwo na 'yan kwanaki abu ne da aka saba gani. Matsalar da ta fi aukuwa ita ce bushewar rami, inda gudan jinin da ya kamata ya rufe gurbin ya fita, ƙashi ya bayyana, zafi mai tsanani ya taso bayan kwana biyu zuwa huɗu. Akwai kuma yiwuwar taɓa jijiyar leɓen ƙasa ko ta harshe, abin da ke sa wurin ya mutu. Galibi yakan farfaɗo cikin makonni ko watanni, amma a wasu 'yan ƙalilan ba ya dawowa. Idan saiwa ta manne da jijiya, likita na iya yanke kan haƙorin kawai ya bar saiwar a cikin ƙashi.

Bayan cirewa, marar lafiya yakan ciji auduga don tsayar da jini. Ba ya kurkure baki da ƙarfi a cikin awa 24 na farko, ba ya shan taba, kuma yana cin abinci mai laushi kamar kunu ko fate da ya huce. Daga rana ta biyu sai ya fara kurkurewa a hankali da ruwan gishiri.

Rigakafi

Ba a iya hana haƙori maƙalewa, amma ana iya hana aljihun cika da datti. Ana goge haƙora sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, tare da kai buroshi har bayan turmin ƙarshe. Buroshi mai ƙaramin kai ya fi shiga wurin, kuma rufe baki kaɗan yana sassauta kunci ya ba shi hanya. Mai amfani da asuwaki ma yana buƙatar kula da wannan lungu na musamman, domin miƙaƙƙen itace ba ya lanƙwasawa ya kai bayan haƙorin. Kurkure baki bayan cin abinci yana fitar da abin da ya maƙale kafin ya ruɓe, amma sakace wurin da tsinke ko allura yana raunata naman. Barin taba da kula da ciwon suga suna rage haɗarin.

Matashin da haƙorin hankalinsa ya fara fitowa, yana da kyau likitan haƙori ya duba shi ko da ba ya jin ciwo, domin a san ko haƙorin zai sami wurin fitowa ko zai maƙale. Wanda kuma ciwon ya taɓa kama shi sau ɗaya, ya kamata ya koma a duba haƙorin bayan ya warke, kada ya jira tashi na gaba.