Ganga da Allurar Garmaho: Waiwaye a kan Tarihin Daidaita Amo

Abin da muke son jawo hankalin mahalarta wannan taro gare shi shi ne, a tarihin ɗaukar sauti babu abin kiɗan da ya wahalar da injiniyoyi kamar ganga. Kafin 1925, ƙaho ke tattara sauti, allura ta zana shi a kan faifan kaki. Kaurin amon babbar ganga kan sa allurar ta yi tsalle, faifai ya lalace. Shi ya sa a 1923, da Baby Dodds ya yi wa ƙungiyar King Oliver kiɗa a Amurka, katako ya fi ƙwanƙwasawa. Ashe abin da muke ji a waɗannan faya-fayai ba shi masu rawa suka ji ba, kuma lalle manazarci ya kiyaye da wannan.

Zuwan makirufo ya sassauta matsalar. Ainihin maganin kuwa daga masu wayar tarho ya fito, domin su suka ƙera matatar da ke danne wani sashen sauti ta ƙyale wani. Na'urar Pultec ta shekarun 1950 ta kawo dabarar ɗakin ɗaukar kiɗa, sai dai wuraren da take taɓawa ƙayyadaddu ne. A 1972 George Massenburg ya bayyana na'urar da ke ba injiniya zaɓin wurin, da faɗinsa, da yawan ƙari ko ragi. Da ita ake barin dirin ganga wajen karkarwa 60 a daƙiƙa, a rage gunjin da ke wajen 400, a fito da saukar gula wajen 4,000.