Tafkin Dagona da Baƙinsa na Hunturu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bade ya san cewa da zarar iskar hunturu ta kaɗa, tafkin Dagona kan cika da baƙi. Ɗinya da kirinjijiya da zalɓe 'yan gida ne. Baƙin su ne ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa da ke ƙyanƙyasa a Turai da arewacin Asiya, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, sannan su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, domin nan ne ɗaya daga cikin manyan ruwayen da suke fara tararwa bayan yashi. Sukan zauna har wajen watan Maris kafin su juya.

Kakanninmu sun san wannan zuwa da komawa tun kafin masu madubin hangen nesa su iso. Duniya kuwa ba ta waiwayo sosai ba sai a shekarar 1987, lokacin da aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru. A 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da kansa a matsayin shugaban asusun kare namun daji na duniya. A 1991 wurin ya shiga cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, a 2008 kuma aka sanya shi cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu.

Sai dai takardar yabo ba ta cika tafki. Ruwan Dagona ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are ce, kuma tun 1974 da aka kammala madatsar Tiga, aka biyo da ta Challawa a 1992, makomar ambaliyar kogin Haɗeja ta koma hannun masu buɗe ƙofofin ruwa a ƙasar Kano. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani da ake saki kuma ya hana magudanai bushewa kamar da. A nan kachala ta sami gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi ta Marma zuwa tafkin Nguru, har gonaki suka nutse a can, alhali na ɓangaren Gashuwa suna jiran ruwan da bai iso ba. Cikin duhuwarta kuma jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero.

'Yan uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja sukan ɗauki zancen tsuntsaye a matsayin sha'awar Turawa, kuma a ganina wannan kuskure ne. Ruwan da agwagwar Turai ke nema shi ne wanda masunci ke jefa taru a ciki, shi ne ke jiƙa fadamar mai shinkafa, shi ne ke bar wa Bafulatani ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Shekarar da tsuntsaye suka yi ƙaranci a Dagona, a je kasuwar Gashuwa a tambayi kuɗin kwandon bandar kifi.